Jinya da Oksijin Mai Matsi: Tarihinta da Amfaninta ga Karen da Guba ta Taɓa

Jinya da oksijin mai matsi ita ce a sa majinyaci, mutum ko dabba, cikin rufaffen ɗakin ƙarfe, a ƙara matsin iskar ciki har ya ninka na waje sau 2 zuwa 3, yana shaƙar tsantsar oksijin. Matsin kan sa iskar ta narke cikin ruwan jini, ta isa ƙwaƙwalwa ko da jajayen ƙwayoyin jini sun gaza ɗaukarta.

Wani likita a Ingila, Nathaniel Henshaw, shi ake dangantawa da ɗakin matsi na farko a 1662, tun ba a gano oksijin ba. A 1878 Paul Bert na Faransa ya nuna cewa oksijin da kansa kan jawo jijjiga idan matsi ya yi yawa. Gwajin da ya fi muhimmanci ga batun guba shi ne na John Scott Haldane a 1895: ya sa ɓera cikin iskar kabon monoksaid haɗe da oksijin mai matsi, ɓeran bai mutu ba. Wannan guba ita ce ke cikin hayaƙin janareto da na gawayi a rufaffen ɗaki. Takan maƙale wa jini ta hana shi ɗaukar oksijin, wanda ya tsira ma yana iya zama da mantuwa ko tangaɗi. A 1960 likitoci a Gilasgo suka yi wa waɗanda wannan guba ta taɓa jinya da oksijin mai matsi.

Daga baya likitocin dabbobi, musamman a Amurka, suka ɗauki wannan jinya domin dawakai da karnuka, har da waɗanda aka ciro daga gobara. Hujjar amfaninta ga ƙwaƙwalwar kare ba ta kai ta mutum ƙarfi ba, kuma na'urar na da tsada da haɗarin kama wuta.

Sai dai a Wurno da Rabah da Goronyo, inda noman rani ya kafu a fadamun kogin Rima da na Sakkwato, gubar da ta fi kusa da karen farauta ko na gadi ita ce maganin ƙwari da na ɓera. Waɗannan ba oksijin mai matsi ne makarinsu ba: wasu nau'o'in maganin ƙwari allurar atirofin suke buƙata, maganin ɓera mai tsinka jini kuma bitamin K. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato. Karen da ya ci guba a gaggauta kai shi ga likitan dabbobi tare da kwalbar abin da ya ci.