Yadda Iyayen Holan Suka Ƙwato Titi Daga Hannun Mota

Duk wanda ya ga hoton birnin Amsterdam na yau, kekuna jere kamar fari, ga tsofaffi da yara suna tsallaka titi hankali kwance, sai ya ɗauka ai haka Allah Ya halicci mutanen Holan, masu son keke da natsuwa. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, domin tarihi bai nuna haka ba. Abin da ake gani a yau sai da aka yi rigima a kansa, kuma iyayen yara ne suka ja gaba.

Bari mu koma baya kaɗan, mai karatu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu arziki ya buɗe wa ƙasar Holan, albashi ya ƙaru, kowane magidanci burinsa ya mallaki mota. A 1960 motocin ƙasar ba su wuce rabin miliyan da kaɗan ba, amma zuwa 1970 sun haura miliyan biyu. Su kuwa masu tsara birane na lokacin, idonsu na kan Amurka. A ganinsu keke abin talaka ne wanda zamani zai shafe, saboda haka aka shiga rushe gidaje ana faɗaɗa hanyoyi, dandalin da ake cin kasuwa aka mai da shi wurin ajiye motoci. A 1967 wani Ba'amurke masanin zirga-zirga mai suna David Jokinen ya kawo tsarin da zai ratsa tsoffin unguwannin Amsterdam da manyan tituna. A birnin Utrecht ma har aiwatarwa aka yi: wani sashe na tsohuwar magudanar ruwa da ta kewaye garin shekaru ɗaruruwa aka cike shi, aka shimfiɗa titi mai layi goma sha biyu a kai.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. A shekarar 1971 kaɗai mutum sama da 3,000 suka mutu a hanyoyin ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Ka tuna ƙasa ce da mutanenta a lokacin ba su wuce miliyan 13 da 'yan kai ba. Wato a kowace rana ta Allah akwai gidan da ake zaman makokin yaro.

Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe 'yarsa ƙarama tana kan keke a hanyar makaranta. A 1972 ya yi rubutu a jaridar De Tijd da kanun da ya girgiza ƙasar, Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kisan yara. A nan nake so mu ɗan tsaya, domin a ra'ayina wannan kalma ta "kisa" ita ce ta juya al'amarin. Kafin nan ana cewa haɗari ne, tsautsayi ne, yaron ne bai duba ba, uwar ce ta yi sakaci. Shi kuwa ya ce a'a, idan hukuma ta gina titin da mota za ta yi gudu a ƙofar makaranta, kuma ta san duk shekara ɗaruruwa za su mutu a irinsa, to wani ne ya zaɓi hakan. Mu da muka yi imani da ƙaddara mun san ba ta hana bincike, kuma ba ta wanke mai ganganci.

Kanun nan ya zama sunan ƙungiya, wata matashiyar uwa mai suna Maartje van Putten ta shugabance ta, wadda daga baya ta zama 'yar majalisar Turai. Dabarunsu masu sauƙi ne. Su tare titi su jera tebura su ci abinci a tsakiyarsa, su kwanta a kan kwalta tare da kekunansu kamar gawarwaki, su kwashi yara su je ƙofar gidan shugaban gwamnati. A unguwar De Pijp ta Amsterdam yaran da kansu suka riƙa jan shinge suna rufe layinsu don su sami wurin wasa, direbobi na fitowa suna zage-zage.

Sai kuma ga taimako daga inda ba a zata ba. A Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Holan man fetur saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan shekara. Gwamnatin Joop den Uyl ta hana tuƙa mota ranar Lahadi, daga farkon Nuwamba har farkon Janairun 1974. Mutane suka fito suka ga manyan tituna wayam, yara na wasa a kai, manya suka tuna yadda garinsu yake kafin mota.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su tsaya ga wa'azi da allunan gargaɗi ba, titin kansa suka sake wa fasali. A garin Delft tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara gwada abin da suke kira woonerf, wato farfajiyar zama. Ana cire bambanci tsakanin gefen masu tafiya a ƙasa da tsakiyar hanya, a shimfiɗa bulo maimakon kwalta, a dasa bishiya nan, a ajiye benci can, a karkata hanyar yadda direba ba zai hango nesa ba balle ya taka mai. A 1976 doka ta amince da shi: mai tafiya a ƙasa yana da ikon bin ko'ina a faɗin layin, yara na iya wasa, mota kuwa baƙuwa ce, sai ta bi da saurin tafiyar ƙafa. Duk wanda ya tashi a lungunan cikin birnin Kano ko Zariya zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kuma gaskiyarsa. Bambancin kawai su sun rubuta shi a doka, sun ware masa kuɗi. Mu kuwa sai mota ta buge yaro sannan matasan unguwa su fito cikin fushi su yi tudun siminti a kan titi, wanda sau da yawa shi ma yakan kayar da mai babur da dare.

Dalilin da ya sa gudu ne abin faɗa a bayyane yake. Mutumin da mota ta buga tana tafiyar kilomita 30 a awa galibi yakan rayu, amma da ta kai 50 zuwa sama haɗarin mutuwa ya ninka sau da yawa, ga shi kuma tazarar da birki ke buƙata ta ƙaru.

Birnin Groningen ya fi kowa ƙarfin hali. A 1977 wani matashin ɗan siyasa, Max van den Berg, ya jagoranci raba tsakiyar garin gida huɗu, aka hana mota ƙetarawa daga wani sashe zuwa wani sai ta fita ta bi titin zobe, amma mai keke da mai ƙafa su wuce kai tsaye. 'Yan kasuwa suka yi ca, suka ce an kashe musu ciniki. Tsarin yana nan har yau, kasuwar ma tana nan.

Kada dai a ɗauka an gama. A 'yan shekarun nan mutum 600 zuwa 750 ke mutuwa duk shekara a hanyoyin Holan, duk da cewa jama'a sun kai miliyan 18, kuma kaso mai yawa na mamatan yanzu masu keke ne, musamman tsofaffi, ga keken lantarki da ya shigo da nasa gudun. Wannan na cikin abin da ya sa a Disamban 2023 Amsterdam ta mai da iyakar gudu kilomita 30 a mafi yawan titunanta.

Shi kuwa titin nan na Utrecht mai layi goma sha biyu, an fasa shi, an sake haƙa magudanar, ruwa ya koma mazauninsa a Satumban 2020. Mai waya a hannu yana iya buɗe Google Maps ya nemi Catharijnesingel, zai ga ruwa da bishiyoyi da ƙananan jiragen ruwa a wurin da motoci suka yi shekara kusan arba'in suna wucewa.