Tafasa: Yadda Ake Shuka Ta da Kula da Ita a Lambun Gida

Gabatarwa

Tafasa tana daga cikin tsirran daji da kowane mazaunin karkara ya sani a ƙasar Hausa. Da zarar ruwan farko ya sauka, sai a gan ta ta tsiro a bakin hanya, da gefen gonaki, da makiyaya, da kan juji, ba tare da wani ya shuka ta ba. Wannan sauƙin samu ya sa mutane da yawa ba su ɗauke ta a bakin komai ba, alhali kuwa ita ce ke riƙe gidaje masu yawa a watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfanin gona kuma bai nuna ba. A shekarun fari na 1973 da 1984, da kuma lokacin ƙarancin abinci na 2005 a Jamhuriyar Nijar, ganyayen daji irin su tafasa sun taimaka wa jama'a ƙwarai.

A yau al'amura sun sauya. Feshin maganin kashe ciyawa ya yawaita a gonaki, filayen da ake bari su huta sun ragu, kuma ganyen da aka tsinko a bakin titi ko kan juji ba shi da tabbacin tsabta. Saboda haka ne wannan bayani yake jawo hankalin jama'a ga keɓe wa tafasa ɗan wuri a lambun gida, inda mai gida zai san abin da ya taɓa ganyen da iyalinsa za su ci.

Siffofin Tafasa

Masana ilimin tsirrai suna kiran tafasa da sunan Senna obtusifolia. A tsofaffin littattafai ana samun ta da sunan Cassia, domin sai a 1982 ne masana biyu, Irwin da Barneby, suka sake tsara wannan dangi na tsirrai. Asalinta daga yankuna masu zafi na nahiyar Amurka ne, amma ta daɗe da bazuwa a Afirka da Asiya.

Tafasa tana rayuwa ne damina guda. Tsayinta yakan kama daga rabin mita zuwa sama da mita ɗaya, gwargwadon ƙarfin ƙasa da yawan ruwa. Kowane reshen ganye yana ɗauke da ƙananan ganyaye shida, wato uku a kowane gefe, masu faɗi da zagayayyen kai. Ganyayen suna rufewa idan dare ya yi, su buɗe da safe. Furenta ƙarami ne, ruwan ɗorawa, mai kunnuwa biyar, kuma yakan fito bibbiyu a inda ganye ya haɗu da kara. Bayan fure sai kwanso siriri mai tsawo, wanda ya lanƙwashe kamar lauje, cike da 'ya'ya masu ƙyalli ruwan ƙasa.

Akwai wani abu da ya kamata manomi ya sani. Ko da yake tafasa dangin wake da gyaɗa ce, saiwarta ba ta yin ƙulle-ƙullen nan da ke ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Don haka kada a shuka ta da zaton za ta gyara gona kamar yadda wake yake yi.

Bambanta Tafasa da Rai-Ɗore

Kafin a tara iri, wajibi ne a tabbatar da cewa tafasa ce ba rai-ɗore ba, wanda wasu ke kira sanga-sanga, masana kuma suke kira Senna occidentalis. Su biyun suna fitowa wuri ɗaya, kuma furensu iri ɗaya ne a ido. Ga yadda ake rarrabe su:

1. Ganyen tafasa uku-uku ne a kowane gefe, mai zagayayyen kai. Na rai-ɗore yakan kai huɗu ko biyar a kowane gefe, kuma kansa mai tsini ne.
2. Kwanson tafasa siriri ne mai lanƙwasa. Na rai-ɗore shafaffe ne, mai duhu a tsakiya da haske a gefe biyu.
3. Idan aka murza ganyen rai-ɗore, warinsa ya fi na tafasa ƙarfi.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne. A 2007 likitoci a ƙasar Indiya sun bayyana cewa cin ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore shi ne sanadin wata cuta da ta riƙa kashe ƙananan yara a yammacin jihar Uttar Pradesh, wadda ke lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Ya kamata iyaye su hana yara wasa da kwanson waɗannan tsirrai biyu ko cin 'ya'yansu. Duk yaron da aka ga ya ci, sannan ya kama amai ko magagi, a gaggauta kai shi asibiti, a kuma tafi da samfurin abin da ya ci.

Zaɓen Wuri da Gyaran Ƙasa

Tafasa tana son rana sosai. A ƙarƙashin inuwar bishiya takan yi tsawo marar amfani, ganyenta kuma ya ƙaranta. Tana yi a jigawa, tana kuma yi a ƙasa mai laka, muddin ruwa ba ya kwanciya ya daɗe. A wurin da ruwa ke taruwa lokacin marka, sai a yi kunya a shuka a kanta.

A zaɓi wuri mai nisa da masai, da kwata, da turken dabbobi. Idan lambun yana kusa da gonar da ake yi wa feshi, a bar tazara, domin iska tana ɗauko maganin. A kaftu ƙasa da fartanya, a gauraya ta da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai. Kada a zuba ɗanyen kashin dabbobi, domin yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke iya hawa ganye, yana kuma kawo irin ciyawa. Tafasa ba ta buƙatar takin zamani. Fangali biyu ko uku sun ishi gida matsakaici.

Tara Iri da Shuka

Ana tara iri da kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da kwanso ya bushe ya koma ruwan ƙasa amma bai fashe ba. A zaɓa daga tsirrai masu lafiya da yawan ganye. A shanya, a sussuka, a sheƙe, a zuba a kwalba ko gora mai murfi, a ajiye a wuri busasshe inda yara da kaji ba za su kai ba.

Ƙwayar tafasa tana da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa da wuri. Wannan shi ya sa irin da ya zube a gona yake iya kwanciya shekaru da yawa kafin ya tsiro. Domin a samu tsiro bai ɗaya, sai a goga irin a hankali a kan dutse mai kaushi har ɓawon ya ɗan karce, sannan a jiƙa shi cikin ruwa ya kwana. Wanda ya kumbura shi ne ya shirya.

Lokacin shuka shi ne bayan damina ta kankama, a watan Yuni ko farkon Yuli. A yi rami marar zurfi, kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya, a zuba ƙwaya biyu ko uku. A bar kimanin santimita 30 tsakanin rami da rami, da santimita 50 tsakanin layi da layi. Irin da aka karce yakan tsiro cikin mako guda. Tafasa tana da doguwar saiwa mai nutsewa ƙasa, don haka ba ta son dashe. Gara a shuka ta a inda za ta zauna.

Masu noman rani su lura cewa tafasa tana saurin yin fure idan yini ya gajarta, kuma sanyin hunturu yana hana ta girma. Wadda aka shuka a Disamba ko Janairu takan yi fure tun tana ƙarama, ganyen kuma ba ya yawa. Ya fi kyau a jira har sanyi ya wuce.

Kulawa

Bayan mako biyu da tsirowa, a rage tsiron, a bar ɗaya ko biyu mafi ƙarfi a kowane rami. Waɗanda aka cire ba asara ba ne, ana iya dafa su. A yi noma sau ɗaya ko biyu tun tana ƙarama. Da ta rufe ƙasa, ita da kanta take danne ciyawa. Da damina ba ta buƙatar ban-ruwa sai idan an samu tsaikon ruwan sama mai tsawo.

Babban sirrin samun ganye mai yawa shi ne yawan tsinke kan tsiron. Duk lokacin da aka tsinke kai, sai ta fitar da sababbin rassa a gefe, kuma fure ya yi jinkiri. Idan aka bar ta ta yi fure da kwanso, ganyen yakan yi tauri da ɗaci.

Ƙwarin da aka fi gani a kanta su ne tsutsar malam-buɗe-littafi da fara. A ƙaramin lambu, tsince su da hannu da sassafe ya wadatar. Ba a shawartar a fesa maganin ƙwari a kan ganyen da ake tsinka kowane mako domin ci.

Hana Ta Zama Annoba

A ƙasashe da dama, ciki har da Amurka da Ostareliya, ana lissafa tafasa cikin miyagun ciyayi, domin tana mamaye gonakin waken soya da gyaɗa da auduga da kuma makiyaya. Tsiro guda yana iya zubar da dubban 'ya'ya. Saboda haka wanda ya shuka ta ya ɗauki nauyin tsare ta. A bar tsiro kaɗan kawai su yi iri, sauran kuma a tumɓuke su da zarar sun fara kwanso. Kada a zuba karan da ke ɗauke da busasshen kwanso cikin ramin taki, domin irin zai bi takin ya koma gona. A ƙone shi.

Haka kuma 'ya'yan tafasa suna da illa ga dabbobi. Shanu da tumaki da awaki ba su cika cin ɗanyenta ba idan akwai wata ciyawa, amma sukan ci 'ya'yan idan sun gauraya da harawa ko dusa ko hatsi. Alamomin guba sun haɗa da zawo, da rashin ƙarfi, da fitsari mai duhu, da kasa tashi. Kaji kuma sukan rame, ƙwai ya ragu. Wanda ya ga haka ya janye abincin nan take, ya nemi malamin dabbobi. Rigakafi dai ya fi magani.

Girbi, Dafawa da Adanawa

Ana fara tsinkar ganye bayan kimanin mako huɗu zuwa shida da shuka, a ci gaba har zuwa lokacin fure. A tsinki ɗanyen ganye na sama da safe, a wanke shi da ruwa mai tsabta. Ganyen yana da sinadarin gina jiki, da sinadaran ƙarfe da kalsiyam, da kuma abin da jiki ke mayarwa bitamin A.

Ba a cin tafasa ɗanya. Tana ɗauke da wani sinadari mai sa gudawa, irin wanda ke cikin filasko, ko da yake bai kai na filasko ƙarfi ba. Don haka ake tafasa ganyen sosai, a zubar da ruwan, a matse, kafin a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da gishiri, ko a sa a miya. Mata masu juna biyu da ƙananan yara su ci daidai gwargwado.

Domin ajiyar rani, a shanya ganyen a inuwa mai iska, a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa. Shanya a tsakiyar rana tana ƙone launinsa, tana kuma rage amfaninsa. Idan ya bushe har yana karyewa a hannu, sai a zuba a buhu mai tsabta ko tulu, a rufe, a nisanta shi da laima.

A yankin Darfur na ƙasar Sudan da gabashin Chadi akwai wata hanyar adanawa da ake kira kawal. Ana daka ɗanyen ganyen, a cusa shi cikin tulu, a rufe baki, a binne a ƙasa kimanin mako biyu har ya ruɓa, sannan a dunƙula a shanya. Ana sa shi a miya a madadin nama, kamar yadda muke amfani da daddawa.

Kasuwar 'Ya'yan Tafasa

'Yan kasuwa suna sayen 'ya'yan tafasa a kasuwannin Arewa domin fitarwa ƙasashen waje. A ƙasashen Sin da Koriya ana soya su a yi shayi, kuma masana'antu suna fitar da wani gari daga cikinsu mai sa abinci kauri, wanda Tarayyar Turai ta amince da amfani da shi a 2010. Mai son sayarwa ya tabbatar irin ya bushe, babu tsakuwa, kuma ko kaɗan bai gauraya da 'ya'yan rai-ɗore ba, domin masu saye suna ƙin kayan da aka samu da shi. A ajiye buhunan nesa da hatsi da abincin dabbobi.

Kira ga Shugabannin Al'umma

Ana fatan hakimai da dagatai da masu unguwanni, tare da sassan aikin gona na ƙananan hukumomi, za su taimaka wajen isar da wannan bayani. Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci a faɗa wa jama'a: kada a tsinki ganye a inda aka yi feshi, a koya wa yara da masu tallar ganye bambancin tafasa da rai-ɗore, kuma manomin da ya fesa magani a gonar da ke kusa da gari ya sanar da maƙwabtansa. Ƙungiyoyin mata da makarantun firamare masu lambu wurare ne da suka dace a nuna wannan aiki a aikace.

Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko ofishin aikin gona na ƙaramar hukumarsa.