Damagaram a Hannun Masu Ƙaga Labarin Tarihi

Ƙagaggen labarin tarihi, wato labarin da marubuci ke ginawa a kan mutane da al'amuran da suka faru da gaske, sa'an nan ya cike da tunaninsa wuraren da takardu da ruwayoyi suka yi shiru, ya sami gindin zama a Zinder tun ba a daɗe da samun 'yancin kan Nijar ba. Dalili kuwa shi ne tarihin Damagaram, daular da Zinder ke fadarta, ya zo ta hanyoyi biyu da ba su cika jituwa ba: rahotannin sojojin Faransa, da abin da malamai da maroƙan fada suka adana a ka.

André Salifou, wanda aka haifa a Zinder a 1942, ya bi hanyar da ta fi dacewa ga mai koyo, domin sai da ya wallafa bincikensa kan daular a ƙarni na 19 a 1971, kafin wasan kwaikwayonsa Tanimoune, a kan Sarki Tanimu, ya fito. Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni, wato tsohon garin Zinder, da ganuwa, ya kuma sa maƙeran garin suka ƙera igwa. Amma abin da ya faɗa wa fadawansa a zaure, da fargabar fataken unguwar Zango masu jiran ayarin Tarabulus, babu takardar da ta riƙe su, kuma a nan ne aikin mai ƙaga labari yake farawa. Haka lamarin yake game da kisan Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898 a zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, da faɗuwar Zinder a hannun Faransawa bayan yaƙin Tirmini a 1899.

Abdoulaye Mamani, ɗan siyasar jam'iyyar Sawaba da ya yi gwagwarmaya a Zinder, ya fi sakin linzami. Littafinsa Sarraounia na 1980 ya ɗaukaka sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, har Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ga shi yau mutane da yawa suna ɗaukar abin da ya ƙaga a matsayin tarihi tsantsa. Wannan nauyi ne babba a wuyan marubuci, kuma abin takaici ne cewa duka ayyukan biyu, Tanimoune da Sarraounia, da Faransanci aka rubuta su, alhali da Hausa dattawan Birni suke ba da labarin Tanimu.