Daga Rikoda Zuwa Memori: Tarihin Kiɗa a Gaban Gingimari

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na tashi daga Boɗinga na tafi Shagari domin in gai da kawuna, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari. Na iske shi zaune a inuwar tsohuwar gingimarinsa. Bayan mun gaisa sai ya dubi wayar da ke hannuna ya ce, "Kai ɗan boko, wagga waya taka ba ta iya magana cikin motag ga?" Na ce, "Kawu, ai abu ne mai sauƙi." Na ɗauko ɗan abin nan da ake sokawa a ramin kunna sigari na soka. Nan take ya yi ƙauri ya mutu. Na manta cewa babbar mota batir biyu gare ta, watau ƙarfin wutarta bolt 24 ne, shi kuwa abin nawa na ƙaramar mota ne mai bolt 12. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, sa'an nan ya zaunar da ni ya ba ni labarin yadda suka yi ta fama da wannan matsala tun ba a haife ni ba. Abin da ya gaya mini, da ɗan abin da na karanta, su ne zan kawo wa masu karatu a wannan taƙaitaccen bayani.

Hanya da Direba

Boɗinga da Shagari garuruwa ne da ke kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Jega da Yawuri da Kwantagora, ta haye Kwara a Jebba har ta dangana da Ikko. Ɗaliban tarihi sun san Boɗinga da zaman da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi a cikinta, lokacin da Shehu yake Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Shagari kuwa ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Amma ga direba, waɗannan wurare ne na lodi da na shan shayi. Ya ɗauki shanu ko albasa ya nufi Kurmi, ya komo da goro, ya kwana biyu ko uku a hanya. Babban abokin gabansa shi ne barci, maganin barci kuwa hira da waƙa.

Da farko bakin karen mota shi ne rediyon direba. Garmaho ba ya yiwuwa a mota, domin da an faɗa rami allura za ta yi tsalle, faifan kuma zafin rana yakan lanƙwasa shi. Akwatin rediyo ya ɗan taimaka bayan an buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai dai direba ba shi da zaɓi, abin da aka sa shi zai ji.

Zuwan Kaset

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963. Bai zama ruwan dare a ƙasarmu ba sai a shekarun 1970, musamman bayan kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975, lokacin da kayan ƙasashen waje suka cika kasuwa. Kawu ya ce rikodarsu ta farko ta hannu ce. Sukan ɗaure ta da roba a gaban mota, su yi ta sayen batura. Da suka gaji sai mai wayarin ya sa musu rikodar mota, ya jawo mata wuta daga batir ɗaya cikin biyun. Illar wannan dabara ita ce batirin da ake ja yakan riga ɗan'uwansa mutuwa, a wayi gari mota sai an tura.

Abin lura a nan shi ne, rikoda ba sauraro kaɗai take yi ba, tana ɗauka. Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace suna da waƙoƙi a gidajen rediyo da faya-fayai, kuma masu kwafi na kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano sun baza su ko'ina. Ɗan Maraya Jos ma har waƙa ya yi wa karen mota. To, amma ban da waɗannan, direba yakan kai rikodarsa filin dambe ko gayyar noma ko gidan biki, ya danna jan maɓalli ya ɗauki makaɗin ƙauyensu wanda babu kamfanin da ya san da shi. Irin wannan kaset sau da yawa shi kaɗai ne a duniya.

Na'urar Mutum Ɗaya

A 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki, kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, ƙaramar rikoda wadda ake ji da abin sawa a kunne. An ƙera ta domin mutum ɗaya ya ji abinsa shi kaɗai. Wannan kuwa ya saɓa wa al'adar gaban mota, inda direba da yaransa da mai kaya suke ji tare, suna gardama a kan ma'anar zambo da habaici. Tun daga nan duk na'urar da ta fito, ko ta faifan CD ce, ko iPod da wayar salula waɗanda suka zo a 2001 (iPod a Amurka, salula a Nijeriya), tambayar direba ɗaya ce: yaya za a yi ta yi magana ta lasifikar mota kowa ya ji?

Hanyoyi huɗu aka bi. Ta farko ita ce kaset mai wutsiya, wanda wani Ba'amurke, Larry Schotz, ya yi wa rajista a 1988. Siffar kaset gare shi, amma babu zare a ciki, sai wani ɗan kai na ƙarfe da ke mai da sauti maganaɗisu. Idan an soka wutsiyar a jikin na'ura, aka tura shi cikin rikodar mota, sai kan nan ya haɗu da kan rikoda, ita kuwa ta ɗauka zare take karantawa. Ta biyu ita ce igiya mai baki biyu, daga ramin abin kunne zuwa jikin rediyon mota. Ta uku ita ce irin wanda na ƙone: ƙaramin gidan rediyo ne da ke watsa waƙar a zangon FM iyakar cikin mota, sai a murɗa rediyo a kama shi. Ta huɗu ita ce Bluetooth, wadda ba ta bukatar igiya sam. Yau direba yakan je wurin masu tura waƙoƙi a tasha, a cika masa memori da ɗaruruwan waƙoƙi kafin a gama lodi.

Abin da Aka Bari a Baya

Da muka kai nan sai Kawu ya shiga ɗaki ya fito da wani kwali cike da kaset. Ya zaro ɗaya, ya murɗa zarensa da biro, ya sa a tsohuwar rikodarsa. Muryar wani makaɗin noma ce, ana jin kuwwar manoma da guɗar mata a bayansa. Ya ce, "Wanga mutum ya daɗe da rasuwa. Duba mani, shina cikin wayakka?" Na duba, babu shi. Na tambayi masu tura waƙoƙi a Shagari da Boɗinga, ba wanda ya taɓa jin sunansa.

A nan ne na gane cewa duk sa'ad da aka sauya na'ura, wasu waƙoƙi ne kawai suke hayewa. Na mashahuran makaɗa sun haye, domin akwai masu sayensu. Na ƙananan makaɗa, da kirarin 'yan dambe, da waƙoƙin daɓe da na niƙa, suna nan kwance cikin kwalaye. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da laima, kuma masu gyaran rikoda sai ƙarewa suke yi. Ran da mai kwali ya kwanta dama, magada ba su san darajarsa ba, yara za su zare zaren su yi wasa da shi.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Igiyar nan mai baki biyu da ke kai waƙa daga waya zuwa mota, ita ce kuma za ta iya kai ta daga rikoda zuwa kwamfuta. Aikin ba ya son kuɗi da yawa, haƙuri yake so, domin kaset mai minti 90 sai an zauna masa minti 90. Ni dai na fara da kwalin Kawu, ina rubuta sunan makaɗi da gari da lokacin da aka ɗauka daga bakinsa, tun yana iya tunawa. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya je hutu ya nemi tsofaffin direbobin garinsu ya tambaye su kwalayensu. Ina kuma roƙon malamanmu su ware mana wuri a Sashe inda za a adana abin da aka samo, domin masu nazarin adabin baka na gobe. Allah Ya sa mu dace, amin.