Ƙarfe da Ƙota: Yadda Aka Daɗe Ana Neman Saitin Bindiga

Mu da muka tashi a zangunan Kumasi da Tamale da Akra mun san labarin tsofaffin sojojin Bama, waɗanda aka kwasa daga Gwalkwas da Najeriya a rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma lokacin yaƙin duniya na biyu. Har yau barikin Burma Camp na Akra yana ɗauke da sunan wannan yaƙi. Bindigar da suka rataya ita ce Lee-Enfield ta Ingila mai harsashi .303, kuma tana da wani tarihi da ba mu cika ji ba: yadda maƙeranta suka yi shekaru suna fama da zaman ƙarfe a kan katako.

Idan aka harba bindiga, bututunta yakan yi rawa kamar tsirkiyar da aka kaɗa. Muddin ƙarfen yana zaune daram a kan ƙota, rawar iri ɗaya ce a kowane harbi, harsashi kuma ya sauka inda ɗan'uwansa ya sauka. To amma katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da rani. Da zarar ya motsa, ko da kaurin takarda ne, sai ya danne bututun ta wani ɓangare, saiti ya ɓace. Sojan da ke cikin ruwan saman Bama zai iya auna daidai, ya ja kunama, harsashi ya kauce, alhali ba laifin idonsa ba ne.

Samfurin SMLE Mk III na 1907 yana da siririn bututu, an kuma lulluɓe shi da katako har baki, saboda haka wannan matsala ta fi damunsa. A filin gasar harbi na Bisley, wanda aka buɗe a 1890, gwanaye suka riƙa fere cikin ƙota kaɗan-kaɗan da hannu, suna cusa ɓawon itace mai laushi a inda ta yi rata, har ƙarfen ya kwanta yadda suke so. Aiki ne na kafinta mai haƙuri, kowace bindiga da irin halinta.

Da yaƙi ya yi tsanani, sai aka fito da samfurin No. 4 mai bututu mafi kauri. Daga 1942 aka riƙa zaɓo waɗanda suka fi kyawun saiti ana kai wa kamfanin Holland & Holland na Landan, ya ɗora musu madubin hange don gwanayen harbi daga nesa, fiye da guda 20,000. Aka kuma yi gajeren samfuri mara nauyi, No. 5, a 1944. An rage masa ƙarfe, sai aka yi ta ƙorafin cewa saitinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma a 1947 aka daina ƙera shi.

Mafita ta zo daga Amurka a shekarun 1950, inda aka fara zuba danƙon epoxy a cikin ƙota, a kwantar da ƙarfen a kai, ya daskare da siffarsa sak, ruwa kuma ba ya ratsa shi. A shekarun 1980 sojojin Birtaniya suka karɓi bindigar L96, wadda ƙarfenta ke zaune a kan ƙashin alminiyam, katako ya fita daga lissafi.

Kakanninmu sun yi yaƙinsu kafin wannan sauƙi ya iso. Idan muna ba da labarin jarumtarsu, mu tuna cewa ransu ya rataya har a kan hannun mai gyaran makamai na bataliya, wanda ya duba ƙota ya ɗaure sukurori kafin a fita daji. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.