Labule da Jere: Tarihin Adon Ɗaki a Ƙasar Daura

Kongolam wani gari ne a arewa da birnin Daura, cikin ƙasar Mai'aduwa, daidai bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Matafiyi in ya wuce shingen ma'aikatan iyaka na nan sai ya faɗa Ɗan Barto, daga can kuma hanya ta miƙe zuwa Matamaye har Damagaram. Mutanen wannan gefe da na wancan harshensu ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, suna kuma auren juna, gama iyakar da ta raba su ba ta daɗe ba, Ingilishi da Faransai ne suka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Saboda haka wurin ya dace da a tsaya a cikinsa a dubi tarihin adon ɗakin macen Bahaushe, tun da ya ke amarya da kayan ɗakinta sun sha ƙetare wannan iyaka, wani sa'i daga kudu, wani sa'i daga arewa.

Kayan da a ke ƙawata ɗaki da su sun sāke kama har sau biyu cikin shekara ɗari da 'yan kai. Amma ƙa'idodin da a ke bi wajen shirya su ba su sāke tare da su ba. Ta farko ita ce sutura, watau kada idon baƙo ya kai inda bai kamata ba. Ta biyu daidaito, kowane abu da mazauninsa da abokin zamansa. Ta uku kuwa ita ce ɗaki taskar mace ne, abin da ke cikinsa dukiyarta ce ta kanta. Biyun farko suna nan har yau. Ta ukun ce ta ke neman kuɓucewa, kuma ita ce ta fi kowacce amfani ga mai ɗakin.

Asalin labule

A ƙasashen nan labule ya riga ado zuwa, aikinsa na fari tsare ido ne. Ibn Batuta, wanda ya zo Takadda a 1353, ya ba da labarin cewa Sarkin Barno na zamanin ba ya bayyana ga jama'a, sai ta bayan labule ya ke magana da su. Musulunci kuma ya ƙarfafa wannan, domin Suratul Ahzabi ta yi umurni da a yi wa matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, magana ta bayan shamaki. Ginin gidan Bahaushe kansa bisa wannan ya ke tafiya. Baƙo ya tsaya a zaure, ƙofar zaure ta ciki ba ta fuskantar ta waje, bayanta ga shigifa, sa'an nan a kai ga tsakar gida. Abin da ke rataye a ƙofar ɗakin mace shi ne shamaki na ƙarshe cikin shamakai da yawa.

Amma a da wannan shamaki ba na tufa ba ne. Talaka ya kan rufe ƙofar kagonsa da tufaniya ko askuniya, mai ɗan hali ya rataya asabari ko tsaiwa, dukansu kuwa daga ciyawa da kara da kaba a ke yin su. Asabari yana da wata fa'ida da labulen tufa ba shi da ita: na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki, iska kuma tana ratsawa. Dalilin rashin labulen tufa a fili ya ke. Masaƙin gargajiya ƙyalle siriri ya ke fitarwa, faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba, sai an haɗa da yawa an ɗinke kafin a sami zane guda. Tufar da aka sha wannan wahala a kanta ba a bar wa rana da ƙura ita a bakin ƙofa, sai dai a gidan sarauta ko na babban attajiri. Labulen taga kuwa ba a san shi ba sam, domin tagar ɗakin ƙasa 'yar kafa ce can sama kusa da rufi, wani ɗakin ma ba shi da ita.

Zamanin ƙwarya

A cikin ƙarni na 19 ƙasar Daura a rabe ta ke. Fulani sun karɓi birnin a ƙarƙashin Malam Ishaku wajen 1805, zuriyar Sarkin Gwari Abdu suka koma Zango da Baure, inda ƙarfin Damagaram ya yi ta rinjaya a kansu. Duk da yaƙe-yaƙen, fatauci bai yanke ba. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Agadas da Damagaram, ta waɗannan ƙasashe ya kan gangara Kano. Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya lissafa irin hajar da ke zuwa daga arewa, a ciki har da madubai da duwatsun ado da alharini da jan ƙarfe. Irin waɗannan ba su isa ɗakin kowace mace ba, sai matan sarakuna da na fatake.

Adon sauran mata daga gona da daji ya ke fitowa. A daɓe ƙasan ɗaki a shafe shi da makuba har ya yi sheƙi, a shafe bango da farar ƙasa. Gado na kara ne ko na ƙasa, a shimfiɗa masa tabarma da gwado, mai hali ta ƙara luru. Babban ado kuwa shi ne jere. A kawo ƙore masu zane, da akusa, da faya-fayi masu launi, a ɗora su bisa tukwane, babba a ƙasa, ƙarami a sama, har su yi tsiri. Waɗansu a rataye su cikin ragaya. Ragaya ta zama abokiyar ɗaki har ta shiga karin magana, a kan ce ɗaki ba ya tashi ragaya ta zauna.

A nan ne ƙa'idar daidaito ta ke bayyana. Jere ya kan fuskanci ƙofa, domin shi ne a ke so mai shigowa ta fara gani. Gado ya kan koma gefe, inda ido ba ya faɗa masa da farko. In an tsai da tsiri a dama, sai a tsai da ɗan'uwansa a hagun, tsawonsu ɗaya. Tsakiyar ɗaki kuwa a bar ta fili, gama nan ne za a shimfiɗa wa baƙuwa tabarma. Magina ma haka su ke yi a soraye: bakan gizo ya taso daga wannan bango ya sadu da takwaransa na wancan, inda suka haɗu a tsakiyar rufi a kafa tasa ko faranti. Idon da ya saba da wannan tsari a soron fada shi ne ya ke neman irinsa a ɗakin amarya.

Ba amarya ce ke shirya ɗakinta da farko ba. Gwaggonni da innoni da yayye su ne 'yan jere, su za su riga ta zuwa gidan miji su tsara kome. Saboda haka ɗakin sabuwar amarya shaidar danginta ne, matan unguwa su shigo su gani, su san daga irin gidan da ta fito. Hannunta na kanta sai daga baya ya ke fitowa, cikin launin faifan da ta saƙa, da irin zanen ƙwaryar da ta zaɓa a kasuwa, da ƙamshin turaren wutar da ta ke haɗawa. Mata biyu a gida ɗaya, kayansu iri ɗaya, amma wadda ta san su ba ta ɓata ɗakin wannan da na waccan.

Zamanin kwano

Turawa sun mai da gidan sarautar Haɓe kan gadon Daura a 1906, sa'ad da suka ɗauko Malam Musa daga Zango. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi sarauta har 1966. A cikin wannan doguwar sarauta ne ɗakin mace ya sāke kama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun manoma, kantunan Turawa da na Kwara suka cika da akoko da alawayyo da atamfa da kwanonin sha masu fenti. Hanyar haja ta juya. Da daga arewa ta ke gangarowa bisa raƙuma, yanzu kuwa daga Kano ta ke haurawa cikin mota, ta bi ta Daura da Kongolam zuwa Damagaram.

Sannu a hankali langa da fanteka da kumbo da tasa suka ture ƙwarya daga jere, ta koma madafa da wurin tatsar nono. An fara kawo kwanonin daga Turai, daga baya daga Honkon, daga bisani aka kafa masana'antunsu a cikin Nijeriya. Gadon ƙarfe mai rumfa ya maye gurbin na kara. Amma 'yan jere ba su sāke hannu ba: babba a ƙasa, ƙarami a sama, dama ta yi daidai da hagun. Har bango a kan liƙa wa faranti sahu-sahu, daga bisa gado zuwa kusa da rufi.

Labulen tufa a wannan zamani ne ya zama na kowa. Yadin kanti yana da faɗi, yana da araha, ga kuma keken ɗinki ya bazu cikin garuruwa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, waɗansu suka biyo bayanta a Kaduna da Kano. Labule ya fara shiga ta ƙofa, inda ya zauna tare da asabari, shi a ciki, asabari a waje. Sa'an nan ya kewaye gado mai rumfa, ya zama ɗaki cikin ɗaki. 'Yammatan da suka koyi ɗinkin hannu a makaranta suka riƙa yi wa zanen gado da rigar matashi furanni da dagi, wannan ya zama sabuwar hanyar da mace ke nuna gwanintarta.

Abin lura a nan shi ne yawancin kwanonin jere ba a cin abinci a cikinsu. Ajiya ce. A al'ada da shari'a kayan ɗaki na mace ne, miji ba shi da iko da su, in aure ya mutu da abinta ta ke fita. Mace ta yi sana'arta a cikin kulle, ƙuli-ƙuli ko fura ko kaɗi, ta zuba adashi, in ta kwasa ta sayi kwano ta ƙara a jere. Ran da ciwo ya zo, ko fari ya ci amfanin gona, sai ta zare ɗaya ta ba dillaliya. In kuwa Allah Ya tsare, kwanonin nan su ne za su bi 'yarta zuwa ɗakinta. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna yadda iyaye mata ke tara wa 'ya'yansu irin wannan kaya, ko da ya ke labarin ƙasar Zazzau ne.

Zamanin kujera da taga

Canji na biyu ya zo da kuɗin man fetur, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974. Gini ya koma na bulo da siminti da rufin kwano, tagogi suka faɗaɗa aka sa musu gilashi. Taga mai faɗi ta buɗe ɗaki ga idon waje, dole labule ya hau ta. Kwanoni suka sauka daga bango suka shiga kabad mai gilashi, tangaran ya zauna kusa da su, daga baya ya kore su. Kujerun zama da gadon katako da katifa suka cika filin da a da a ke bar wa tabarma. Labule ya yi ta girma har ya rufe bango daga sama zuwa ƙasa, ko inda babu taga, ya ɗauki matsayin da jere ke da shi na zama abin da ido ke fara gani.

Yadin wannan labule kuwa ba na gida ba ne. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, kasuwa ta koma hannun yadin Sin da na sauran ƙasashen Asiya. Kafin 2023, da yawa daga cikinsa ta tashar jirgin ruwan Kwatano ya kan sauka, ya hau zuwa Nijar, sa'an nan ya gangaro Nijeriya ta iyakokin arewa. Hanyar haja ta sāke juyawa ke nan. Shi ya sa duk sa'ad da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga 1984 zuwa 1986, da 2019 zuwa 2020, da kuma 2023 zuwa 2024, uban da ke shirin aurar da 'ya a garuruwan bakin iyaka irin Kongolam yana cikin waɗanda su ke fara jin abin a aljihunsu.

Sutura ba ta ɓace ba, labule na yin aikin asabari. Daidaito ma yana nan, har yau 'yan jere su kan sa kujera ta dubi 'yar'uwarta, launin labule ya bi na zanen gado. Inda aka yi hasara shi ne wajen taska. Tasa da langa su kan shekara ashirin ba su rage daraja ƙwarai ba, ana kuma iya sayad da su ɗaya ɗaya gwargwadon bukata. Kujera da labule kuwa tun ran da aka kafa su su ke fara tsufa, yayinsu ya kan wuce cikin 'yan shekaru, ba a kuma yanka kujera biyu a sayad da rabi. Iyaye suna kashe abin da ya fi na da nesa, har waɗansu su ci bashi ko su sayad da gona, aure ya yi ta jinkiri saboda kayan ɗaki, amma abin da 'yar za ta iya juyawa ya zama kuɗi ran wahala ya ragu. Waɗansu mata sun gane haka, sun mai da ajiyarsu ga zinariya da tumaki da awaki.

 Ɗalibar da za ta koma Daura ko Mai'aduwa ko Zango ta koyar tana bukatar ta san tambayoyin da kakanninta ke yi kafin su sa abu a ɗaki: ko yana suturta mai ɗakin, ko yana da abokin zama a ɗaya gefen, ko kuma zai amfane ta ran da ta bukace shi. Tsofaffin da suka yi jeren ƙwarya da hannunsu sun kusa ƙarewa, sunaye irin su tsaiwa da askuniya da ragaya suna fita daga bakin yara. Aikin da ke gaban masu nazarin Hausa shi ne su shiga garuruwan nan na bakin iyaka, ta hannun ɗalibai mata waɗanda ke da iznin wuce zaure, su rubuta sunan kowane abu da mazauninsa a ɗaki tun masu sanin suna da rai.