Gashin Jimina a Kasuwar Omdurman

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, aikin rediyo ya kai ni Khartum. Wata yamma na tsallaka gada zuwa babbar kasuwar Omdurman, na tsaya gaban wani dattijo mai sayar da mafitan gashin jimina. Da jin harshena ya amsa mini da Hausa. Kakanninsa mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka. Ya ware gashin kashi biyu: fari da baƙi na namiji, mai tsada, ruwan ƙasa na mace, mai araha.

Me ya sa namiji ya fi ado? A 1871 masanin Ingila Charles Darwin ya ba da amsa a littafinsa kan asalin ɗan Adam. A ganinsa, wasu siffofin dabba neman abokiyar tarayya ne ya haifar da su. Lokacin barbara wuyan namijin jiminar Sahel yakan yi ja, ya kori kishiyoyinsa da shuri, sannan ya durƙusa gaban mace yana kaɗa fukafukai, yana karkata wuya hagu da dama. Wanda ta zaɓa shi ke barin zuriya, 'ya'yansa su gaji kamanninsa. Haka adon ya yi ta ƙaruwa tsara bayan tsara.

Abin da ya burge macen jimina shi ya burge mutane. Tarihin Kano ya danganta figini da takalman gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A ƙarni na 19 ayari ya riƙa kwasar gashin daga Kano zuwa Tarabulus, daga Darfur da Kordofan zuwa Masar, domin hulunan matan Landan da Faris. Kasuwar ta rushe a 1914, amma farauta ta ci gaba, har jimina ta ɓace daga yawancin Sahel.

Ni dai darasin da na ɗauka shi ne, kwalliyar da ta sa namiji ya samu zuriya ita ta jawo masa maharbi. Mafici ɗaya na saya ranar. Yana rataye a ɗakina, kuma na kan gaya wa yara cewa tun kafin sarakuna su yi ado da wannan gashi, macen jimina ce ta fara zaɓarsa.